Unguwar da Ta Shimfiɗa wa Kanta Magudana: Nazarin Wani Lamari Daga Gefen Karachi

## Yadda unguwar ta tsiro, 1965 zuwa 1979

Unguwar da ake magana a kanta, wato Orangi, tana arewa maso yammacin Karachi, babban birnin lardin Sindh kuma babbar tashar jiragen ruwa ta Pakistan. A 1965 hukumar raya birnin ta yanka fili mai kimanin eka 1,300 a wurin domin tsugunar da masu ƙaramin ƙarfi. Daga iyakar wannan fili sai fako da duwatsu, duk mallakar gwamnati. Da yaƙin 1971 ya raba Pakistan biyu aka sami Bangladesh, dubban iyalai masu magana da Urdu suka baro gabas suka sauka Karachi. Ga kuma 'yan cirani daga Punjab da ƙasar Fashtun masu neman aiki a masana'antun da ke kusa. Filin hukuma ya yi wa wannan jama'a kaɗan ƙwarai, sai dillalai suka faɗa wa filin gwamnati, suna yankawa suna sayarwa babu takarda.

Dillalan sun yi wani abu da ya yi rana daga baya. A miƙe suke yanka filayen, layi bayan layi, irin yadda hukuma ke yi, da fatan wata rana za a amince da unguwar ba tare da rusau ba. Yawancin filayen yadi 120 ne murabba'i, wato kusan mita 100 murabba'i, kuma kowane layi yana ɗauke da gidaje 20 zuwa 40 masu fuskantar juna. Mutane suka gina gidajensu ɗaki-ɗaki, da bulon da suke karɓa bashi daga masu buga bulo na unguwar. Zuwa 1980 an ƙiyasta mazauna wurin sun kai dubu 800, a fili mai kimanin eka 8,000. Irin wannan wuri a Pakistan ana ce masa katchi abadi, ma'ana ɗanyen matsuguni.

Birnin yana da tsari a takarda. Babban tsarin raya Karachi na 1974 zuwa 1985, wanda aka rubuta da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya, ya yi tanadin filaye masu ruwa da magudana domin talakawa. Waɗanda aka samar sun yi tsada, hanyar mallakarsu kuma doguwa ce, don haka akasarinsu suka ƙare a hannun masu matsakaicin hali da masu saye su ajiye. A 1978 gwamnati ta ba da sanarwar cewa za a ba mazauna irin waɗannan unguwanni takardun zama. Sanarwar ta rage fargabar rusau, mutane suka ƙara zuba kuɗi a gidajensu, amma ba ta kawo ko bututu ɗaya ba.

## Yadda ƙazanta ta mamaye layuka

Gidajen da suka fi talauci masai na bokiti suke amfani da shi. Masu kwasa suna zuwa bayan kwana huɗu ko biyar, sau da yawa kuma a bakin layi ko a wani kango suke juyewa. Masu ɗan hali suna haƙa sokawe a ƙofar gida. Sokawen yana da tsada, kuma ƙasar wurin mai dutse ce, ba ta tsotsar ruwa sosai, don haka cikin 'yan shekaru yake cika ya tumbatsa. Ruwan wanka da na wanke-wanke kuwa kowa layi yake sakar wa. Inda kansila ya sami kuɗi yakan gina kwata a buɗe, wadda shara da yashi ke toshewa kafin shekara ta zagayo.

Gudawa da taifod da zazzabin cizon sauro da ƙazuwa suka zama ciwon kowane gida, wani kaso mai tsoka na abin da magidanci ke samu yana tafiya wajen magani. Danshi mai gishiri yana cin gindin bango, gidan da aka yi shekaru ana ginawa yana ruɓewa daga ƙasa. Maƙwabta suna yawan faɗa a kan ruwan wa ya shigo ƙofar wa.

Mutanen unguwar sun gwada abu biyu. Sun yi ta kai koke wurin kansiloli da 'yan siyasa, amsar da ake ba su kullum ita ce babu kuɗi, sai an sami rance daga waje. Wasu layuka kuma suka haɗa kuɗi suka binne bututu da kansu ba tare da awon gangara ba. Ruwa ya riƙa kwantawa a tsakiyar bututun, laka ta taru, cikin ɗan lokaci ya toshe, waɗanda suka ba da kuɗinsu suka rantse ba za su ƙara ba.

## 1980: bincike kafin a taɓa ƙasa

A watan Afrilun 1980 Dakta Akhtar Hameed Khan ya buɗe wani ƙaramin shirin gwaji a unguwar, da tallafin gidauniyar bankin BCCI ta Agha Hasan Abedi. Khan, wanda aka haifa a 1914, tsohon babban jami'in mulki ne a Indiya ta zamanin Ingilishi, ya ajiye aikin a tsakiyar shekarun 1940, kuma shi ya kafa makarantar raya karkara ta Comilla, a Bangladesh ta yau, a 1959. Watannin farko bai gina komai ba. Yawo yake yi layi-layi yana zama da magina da masu shaguna da kansiloli, yana tambayar me suka gina, nawa suka kashe, me ya lalace.

Ya gano shinge huɗu. Mutane sun yarda a ransu cewa magudana haƙƙinsu ce a kan gwamnati kuma kyauta za ta zo, saboda haka suna jira. Farashin da hukuma ke yi wa aikin ya fi ƙarfinsu nesa. Ba su da ilimin awo da zane. Kuma babu wata ƙungiya da za ta haɗa kuɗin mutane da yawa ba tare da zargi ya shiga ba.

Shingen farashi shi aka fara warwarewa, domin shi ke riƙe da sauran. Da aka fayyace ƙiyasin hukuma dalla-dalla, sai aka ga kuɗin siminti da bututu da lebura ƙaramin kaso ne. Sauran ribar ɗan kwangila ce, da na goro da ake bayarwa kafin a sa hannu, da kuma ƙa'idojin zane da aka gada daga Ingila: a binne bututu da zurfi sosai, a gina manyan ramukan dubawa, a rufe su da murfin ƙarfe, kamar dai manyan motoci ne za su riƙa bi ta kai. Layukan unguwar kuwa ƙanana ne, nauyin da ke bi ta kansu bai wuce na amalanke da babur da ƙaramar mota ba.

Daga nan aka kasa aikin magudana gida huɗu: masai na cikin gida, bututun layi, bututun da ke tara ruwan layuka da yawa, sai babbar magudana da matatar ƙazanta. Masai da bututun layi, har da ƙaramin bututun tarawa inda ya yiwu, aka kira su aikin ciki, jama'a za su biya su gina su kula da su. Babbar magudana da matata aikin waje ne, na gwamnati. Tunda babu babbar magudana a lokacin, aka yanke shawarar a saki ruwan cikin kwarurrukan da ruwan sama ya daɗe da yankawa a unguwar, waɗanda ake kira nala. Unguwar tana kan gangara, kuma daman can ƙazantar take ƙarewa.

## 1981 zuwa 1983: layukan farko da kurakuransu

An sha wuya kafin layi na farko ya yarda a 1981. Ma'aikatan da ke wayar da kai 'yan unguwar ne, ba masu digiri ba, mutanen da aka sani aka san gidajensu. An fara da layukan da ke bakin kwari, domin ba sa buƙatar bututun tarawa.

Aikin farko bai yi kyau ba. Ramukan dubawa da bulo aka gina su masu kusurwa huɗu, suna buƙatar birkila gwani da filasta mai kyau, inda aka yi sakaci kuma sai su riƙa yoyo. Murafen ba su da nauyi, yara suna ɗagawa, wasu matan suna zuba shara a ciki. Babbar matsalar ita ce ƙarancin ruwa. Magudanar ƙarƙashin ƙasa tana wanke kanta ne idan ruwa mai yawa yana gudu a cikinta da sauri, kimanin mita 0.6 a daƙiƙa ko fiye. A unguwar da ake sayen ruwa a tanka, buta ɗaya ake zubawa bayan an yi bahaya, ƙazantar sai ta kwanta a cikin bututu ta daskare.

Masanin zanen gine-gine Arif Hasan, wanda ya shigo shirin a wannan lokaci, shi da ma'aikatan suka sake zanen. Ramin dubawa ya koma zagayayye, ana zuba shi da kankare a wurin cikin mazubin ƙarfe, wanda lebura ma zai iya, kuma ba ya buƙatar filasta. Murfi ya koma na kankare da rodi, mai nauyin da yaro ba zai ɗaga ba, ɓarawo kuma ba shi da inda zai sayar da shi, saɓanin murfin ƙarfe. Sai aka saka wani ƙaramin tanki mai ɗaki ɗaya tsakanin masai da bututun layi, wanda ake kira haudi. Ƙazanta mai kauri tana kwantawa a gindinsa, ruwan sama-sama ne kawai ke fita ta wani bututu mai baki a ƙarƙashin fuskar ruwan, don haka abin da ke yawo a sama ma ba ya wucewa. Tankin yana da wani amfani da ya wuce na injiniyanci: gidan da ya jefa tsumma ko leda a masai, nasa tankin ne zai toshe, shi zai biya a kwashe, sauran layin ba ruwansu.

Da wannan zane kuɗin masai da haɗi da kason gida na bututun layi ya sauko zuwa kimanin rupi 1,000, kashi ɗaya cikin biyar ko ƙasa da haka na farashin hukuma.

## Yadda aikin layi ɗaya ke tafiya

Daga 1983 hanyar aikin ta daidaita, ba ta canza sosai ba tun daga nan. Ma'aikacin shirin yana kiran taron layi, a nuna hotunan layin da aka gama, a faɗi farashi. Idan mutanen layi sun yarda sai su zaɓi wakili daga cikinsu, shi ya rubuta takardar neman taimako. Shirin ba ya zuwa layin da bai nema ba.

Masu awo suna zuwa su auna tsawon layi da gangararsa, su kafa alamar tsayi a jikin bango, su zana taswira mai nuna inda kowane ramin dubawa zai zauna da inda ruwan zai fita. Sai su ba wakili ƙiyasi a rubuce: bututu nawa, siminti buhu nawa, yashi da tsakuwa nawa, lebura na kwana nawa. Wakili ya raba jimillar a kan gidaje ya tara kuɗin. Shirin ba ya taɓa ko rupi ɗaya na mutanen layi, abin da yake bayarwa shi ne awo da zane da aron kayan aiki, wato mazubin ƙarfe da diga da shebur da kayan awo, sai kuma sa ido. A layuka da yawa mata ne suka matsa wa mazajensu, su ne kuma suka bi gida-gida tara kuɗi, domin su ke fama da yara marasa lafiya.

Bututun da ke fita daga gida inci 4 ne, na layi yawanci inci 6, na tarawa inci 9 zuwa 12 ko fiye gwargwadon yawan layukan da ke zuba masa. Duk na kankare ne, ana buga su a kusa. Haƙa tana farawa daga ƙasan gangara, inda ruwan zai fita, a yi sama, domin in aka fara daga sama aka yi kuskuren zurfi, sai a iske bakin bututu ya faɗa ƙasa da wurin da zai zuba. Bututu mai inci 6 yana son gangarar da ba ta gaza saukar mita 1 a cikin mita 150 ba. Ana daidaita gindin ramin a daddaɓe shi kafin a kwantar da bututu, saboda bututun da ya zauna a kan dutse ɗaya ko ƙasa mai taushi zai karye ko ya lotsa, kuma inda ya lotsa nan laka za ta taru. Bakin da ya fi faɗi na kowane bututu yana kallon saman gangara, a cusa na gaba a ciki, a liƙe mahaɗar da kwaɓin siminti. Bututun gida a ramin dubawa yake shiga, ba a fasa cikin bututun layi a cusa shi. Kankaren da aka zuba yana son a riƙa jiƙa shi aƙalla kwana bakwai, kuma wannan ne matakin da aka fi tsallakewa inda ruwa ke da tsada, shi ya sa murafe da yawa suka riƙa tsagewa da wuri. Kafin a mayar da ƙasa ana zuba ruwa daga saman layi a ga ya fita ƙasa bai tsaya ba.

Kula da magudanar bayan an gama ba shi da tsayayyen tsari. In ta toshe, gidajen da abin ya shafa su haɗa kuɗi su kira mai kwasa. Murfin da ya fashe wani lokaci yakan daɗe ba a sauya ba, shara ta shiga.

## 1982 zuwa 1989: saɓani da ƙwararren Majalisar Ɗinkin Duniya

A 1982 masu ba da tallafin suka kawo wani babban mai ba da shawara daga hukumar matsugunai ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Bai gamsu da abin da ya gani ba. A ganinsa shirin ba shi da babban tsari, ba shi da adadin da zai cim ma a kowace shekara, ma'aikatansa ba ƙwararru ba ne, kuma sakin ƙazanta cikin kwari haɗari ne ga lafiya. Ya fi son a yi ramukan tsotsewa a gidaje. Khan ya ƙi sauya hanya. A 1983 aka raba unguwar, wani yanki ya koma ƙarƙashin sabon shiri mai ƙwararru da ofis da motoci. Wannan shiri ya kashe fiye da dala dubu 600 cikin shekara shida, layukan da ya gama ba su kai 40 ba, aka rufe shi a 1989. A daidai wannan lokaci layukan da suka bi hanyar farko sun kai dubbai.

## 1983 zuwa 1991: taswira da bututun tarawa

Da layukan bakin kwari suka ƙare, sai aka zo kan waɗanda ke nesa, masu buƙatar bututun tarawa da zai ratsa layuka da yawa. Wannan ba ya yiwuwa sai da taswirar unguwar gaba ɗaya, hukuma kuwa ba ta da ita. Ɗaliban injiniyanci da na zanen gine-gine daga kwalejojin Karachi suka auna unguwar mazaɓa-mazaɓa, suna nuna gangara da kwarurruka da abin da aka riga aka gina. Cikin matasan da suka shigo a wannan lokaci akwai Perween Rahman, wadda daga baya ta shugabanci sashen bincike da horarwa na shirin.

Aka ba kowane kansila taswirar mazaɓarsa da ƙiyasin bututun tarawa, aka kuma ba mutanen mazaɓar irinta. Tunda jama'a sun san farashin gaskiya, sai suka riƙa matsa wa kansiloli su daina gina kwata a buɗe su sa kuɗin a bututun tarawa. Inda kansila ya ƙi, layuka da dama sukan haɗu su yi da kansu. An gina ɗaruruwan irin waɗannan bututu. Rikicin ƙabilanci mai muni da ya ɓarke a yankin a Disambar 1986 ya tsayar da aiki na ɗan lokaci, bai kashe shi ba. A 1988 aka raba shirin zuwa cibiyoyi masu cin gashin kansu, ɗaya na magudana da gidaje, ɗaya na ƙananan basussuka, ɗaya na lafiya, kuma rushewar bankin BCCI a 1991 ba ta rufe su ba.

Wani binciken lafiya da aka yi a wani sashe na unguwar ya nuna mutuwar jarirai ta sauko daga kimanin 130 cikin kowace haihuwa 1,000 a farkon shekarun 1980 zuwa 37 a 1991. A cikin waɗannan shekaru an kuma yi aikin rigakafi da koya wa mata tsafta, don haka ba magudana kaɗai ce ta kawo sauƙin ba.

## 1991 zuwa 1999: gwamnati ta zo da nata tsarin

A farkon shekarun 1990 hukumar birnin ta sami rance daga Bankin Raya Asiya domin inganta irin waɗannan unguwanni. Zanen da ƙwararrun da aka ɗauka suka kawo ya ɗauki unguwar kamar babu ko bututu ɗaya a cikinta. Za a sake haƙa layukan da mutane suka riga suka gama, a kuma bi manyan tituna da babbar magudana, alhali ruwan unguwar kwari yake bi. An yi tuya an manta da albasa. Ma'aikatan shirin suka kai wa magajin gari taswirorinsu, layi-layi, da girman kowane bututu da inda yake zuba. Aka amince a sake zanen: kuɗin rance ya tsaya a aikin waje kawai, aikin ciki ya ci gaba a hannun jama'a. Kuɗin aikin ya faɗi zuwa ɗan ƙaramin kaso na ƙiyasin farko. Wakilan layuka, waɗanda yanzu sun san kwaɓin kankare mai kyau da marar kyau, suka tsaya a kan 'yan kwangila, inda aka yi algus suka sa aka fasa aka sake.

Wannan ya buɗe wata tambaya game da birnin duka. Da aka ci gaba da auna sauran unguwanni, sai ya bayyana cewa mafi yawan ƙazantar Karachi, har da ta unguwannin masu kuɗi, kwarurruka take bi zuwa teku, manyan magudanun da aka gina da bashi kuma ba sa samun ruwan da aka zana su dominsa, matatun suna aiki ƙasa da ƙarfinsu. Shawarar da shirin ya kawo ita ce a karɓi hanyar da ruwan ya zaɓa: a yashe kwarurrukan, a gina su da kankare a rufe, a kafa matata a inda suke ƙarewa. Hukumar katchi abadi ta Sindh ƙarƙashin Tasneem Siddiqui ta rungumi tsarin raba aiki gida biyu a tsakiyar shekarun 1990. A 1999 gwamnan Sindh ya soke rancen dala miliyan 70 na Bankin Raya Asiya da aka shirya wa aikin ƙazanta na Korangi, wani yanki na birnin, bayan an nuna za a iya yin aikin da kuɗin gida a farashi mai sauƙi ƙwarai. Khan ya rasu a watan Oktoban wannan shekara.

## 2006 zuwa 2021: shiga manufar ƙasa da abin da ya biyo baya

Zuwa tsakiyar shekarun 2000, kimanin kashi 90 cikin 100 na layukan unguwar suna da magudanar ƙarƙashin ƙasa, gidaje kusan dubu 100, da kuɗin mazaunansu. A 2006 manufar tsafta ta ƙasa da gwamnatin Pakistan ta amince da ita ta ɗauki raba aiki tsakanin jama'a da hukuma a matsayin hanyar da za a bi.

An gwada hanyar a wasu garuruwa, sakamakon ya bambanta. A Faisalabad wata ƙungiyar unguwa ta yi nasara, ta hanyar asusun da ke ba da rancen bututun tarawa a mayar a hankali. A Lodhran, daga 1999, an kai ta har ƙauyuka. A Sukkur kuwa jama'a sun yi nasu, amma tashar famfon da hukuma ta ɗauki alhakinta ba ta ci gaba da aiki ba, ruwan ya rasa mafita.

Ranar 13 ga Maris 2013 aka harbe Perween Rahman a hanyarta ta komawa gida daga ofis. A lokacin tana aikin taswirar tsofaffin ƙauyukan gefen birnin da masu ƙwacen fili ke haɗiyewa, da kuma wuraren da ake satar ruwan famfo ana sayarwa a tanka. A Agustan 2020 ruwan sama mai yawan gaske ya nutsar da sassan Karachi, kwarurrukan da shara da gine-gine suka matse suka kasa ɗauka. A 2021, bisa umarnin Kotun Ƙoli, aka rushe dubban gidaje a bakin manyan kwarurruka, har da wanda ya ratsa wannan unguwa, iyalai da yawa suka rasa muhalli.

## Hukunci

Abin da ya sa aikin ciki ya yi nasara a bayyane yake. Layi mai gida 20 zuwa 40 ƙarami ne har kowa ya san wakili ya san inda kuɗinsa ya shiga, kuma babba ne har ya iya sayen bututu. An sauko da farashi kafin a nemi kowa ya biya. Shirin bai riƙe kuɗin kowa ba, don haka zargi bai sami wurin zama ba. Kurakuran farko an gyara su a layuka kaɗan kafin su yaɗu, abin da ba zai yiwu ba da an ɗora wa ma'aikata adadin da dole su cika kowace shekara. Shirin ƙwararrun da aka rufe a 1989 ya fi kuɗi da takardun shaida, amma ya fara ne daga zanen da ya zo da shi, shirin Khan kuwa ya fara daga abin da mutane ke ƙoƙarin yi suna kasawa.

Akwai kuma sharuɗɗan da shirin ya tarar, bai ƙirƙira ba, kuma mai tsara manufar ƙasa da ya manta da su zai kwafi hanyar ta ƙi aiki. Unguwar tana kan gangara, ruwa yana tafiya da kansa, a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa kuwa sai da famfo da wuta da wanda zai biya su kowane wata. Layukan a miƙe suke. Mazauna su ke da gidajen kuma sun daina tsoron rusau, ɗan haya ko wanda ke jiran a tashe shi ba zai binne kuɗinsa a ƙasa ba.

Ƙwararren da aka yi saɓani da shi a 1982 ya yi kuskure a kan jama'a da iyawarsu, amma maganarsa a kan kwari tana da gaskiya a ciki. An fitar da ƙazanta daga ƙofar gida, an ceci yara da yawa, sai dai an tura ta ga waɗanda ke zaune a bakin kwari da masunta na gaɓar teku. Shirin ya yi lissafin cewa in jama'a suka gama nasu, gwamnati za ta ga sauran aikin ya yi araha ta yi. An rufe wasu kwarurruka, an rubuta tsarin a manufar ƙasa, amma matatun ba su kai ga ɗaukar ruwan ba. Akwai kuma ƙorafi mai nauyi da bai kamata a share ba: talakan da ya haƙa layinsa da kuɗinsa yana biyan haraji kamar mazaunin unguwar da hukuma ta shimfiɗa wa magudana tun kafin ya tare. Abin da zai sa wannan rabo ya zama adalci shi ne kuɗin da gwamnati ta tsira da shi a aikin ciki ya tafi aikin waje, a rubuta shi a kasafi da sunan kwari kaza da matata kaza, tare da kuɗin gudanar da su da kuma tanadin matsuguni ga waɗanda za a tasa daga bakin kwarin. A Karachi wannan kason ne ya yi ta jinkiri, kuma mafi yawan ƙazantar birnin, har da wadda ke fitowa daga bututun inci 6 na waɗannan layuka, tana shiga Tekun Larabawa ba tare da an tace ta ba.